Amsa ga ƙanenmu da ya yi tambaya kan otomanet idan an karɓi tuƙi da hannu

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya: kana similater, wato na'urar koyon tuƙin jirgin sama, ta Boeing 737, ka cire otopilot, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, a lokacin saukowa ka bar otomanet, wato totur mai sarrafa kansa, a kunne, malaminka ya yi maka tsawa, alhali wani kumanda, wato babban matuƙi, ya ce maka shi bai taɓa kashe ta ba. Kana son sanin wa ke da gaskiya. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don wannan maganar ce ta kusa raba ni da aikin nan tun ban fara ba. Ina gida Damagaram hutu, wuta ta ɗauke a unguwarmu, da waya nake rubutu, ka yi haƙuri in magana ta zo a warwatse.

Ni malamin da ya koyar da ni tun farkon kos ɗin, daga Airbus ya fito. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Kullum cewa yake a bar otomanet ta riƙe gudu, kai ka ji da hanci da fukafukai. Haka na saba. Ranar jarrabawa sai aka kawo wani daban, wanda ko sallamata bai amsa ba. Ƙarfe uku na dare aka ba mu, don lokacin ne kuɗin hayar akwatin similater ya fi sauƙi, ga sanyin na'ura har yatsu ba sa lanƙwasuwa. Muna saukowa, na cire otopilot, na daidaita da titin jirgi, komai lafiya lau, gudu bai kauce ba. Muna ƙafa 300 sai kawai ya daskarar da similater. Fitilun titi suka tsaya cak a gilashi, ƙarar inji ta ɗauke, shiru. Ya miƙo biro daga kujerar baya yana ƙwanƙwasa mini kafaɗa, yana tambaya wa ya koya mini wannan shirmen. Na faɗa masa. Ya yi dariya ya dubi abokin zamana, ya ce ai mutanen ƙasarmu sun fi gane linzamin raƙumi. A gaban mutum fa. Ban ce uffan ba, amma har yau in na tuna ƙarar biron nan sai raina ya ɓaci. Ya kayar da ni, ya rubuta rahoto kamar na kusa kashe mutane, bai kuma zauna ya bayyana mini dalili ko na minti ɗaya ba. Baba ya sayar da gonarsa ta hanyar Mirriya kafin a haɗa kuɗin kos ɗin nan. Ka tsaya ka yi tunanin yadda na ɗaga waya da asuba in gaya masa sai an ƙaro kuɗin maimaitawa. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce ya zage ni. Shi kuwa mai jarrabawar, na ji har yanzu yana jarraba yara. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

To, tambayarka. Abin haushin shi ne abin da malaminka ya faɗa yana nan cikin littafin horo na Boeing. A 737 an yarda ka yi amfani da otomanet wajen tashi da hawa ko da hannu kake tuƙi, amma a sauran matakai, sai in otopilot na kunne. In ka cire ɗaya, ka cire ɗayan. Dalilin kuwa injinan suna ƙarƙashin fukafukai ne: in ƙarfi ya ƙaru hanci ya ɗaga, in ya ragu hanci ya sunkuya. Sai iska ta bugo gudu ya haura, ita ta janye totur, hanci ya faɗa, kai ka ja, gudu ya sauka, ita ta tura, hanci ya ɗaga, kai ka danna. Kamar ka hau kabu-kabu kana riƙe da kan babur, wani a bayanka yana murɗa maka totur yadda ya ga dama. Wanda ya taɓa sauka Yamai da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura 40, iska mai zafi na tasowa daga ƙasa tana jijjiga jirgi, ya san abin da nake faɗa. In totur na hannunka, ka ajiye N1, ma'aunin saurin juyawar fankar inji, wajen kashi 55 zuwa 60 gwargwadon nauyi, ka riƙa gyara kaɗan-kaɗan, ka san hanci zai motsa tun kafin ya motsa.

Shi ma kumandan da ya ce bai taɓa kashewa ba, kada ka ɗauke shi maƙaryaci. Ka tambaye shi wane jirgi yake tuƙawa. A 777 da 787 Boeing da kansa ya ce a bar ta a kunne har ƙasa ko da hannu ake tuƙi, don kwamfutar jirgin tana shanye wannan ɗagawar hancin. A320 ta Airbus ma haka, can kuma hannayen totur ko motsi ba sa yi, suna zaune a CL, wato matsayin hawa, sai jirgi ya kira RETARD a ƙafa 20 kai ka mayar da su baya da kanka. Kowa gaskiyar jirginsa yake faɗa, mu ƙanana mu ke shan wahala a tsakani. Kuma kamfanoni ma suna da nasu tsarin, wasu 737 ɗin ce amma sun yarda a bar ta a ARM, wato a shirye ba a kashe ta gaba ɗaya ba. Littafin kamfanin da zai ɗauke ka shi ne alƙali, ba hirar fada ba.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro ma ba kunnawa ko kashewa ba ne, a'a, mutum ya ɗauka tana riƙe masa gudu alhali ta saki. Ka karanta abin da ya sami Asiana 214 a San Faransisko, 6 ga Yuli 2013, jirgin 777. Matuƙin daga A320 ya dawo yana koyon sabon jirgi. Sun yi sama da yawa, ya danna FLCH, maɓallin canja tsawo, jirgi ya nemi hawa, ya cire otopilot ya ja totur baya da hannu, otomanet ta shiga HOLD, wato ta saki totur ta daina riƙe gudu. A wannan hali ba ta farkawa. Gudun da ya kamata su riƙe not 137 ne (not ma'aunin gudun jirgi ne), ya zube har 103, suka bugi katangar bakin teku, mutum 3 suka rasu. Rana tsaka, sararin sama fes, matuƙa uku a gaba. Kalma ɗaya ce ta canja a saman allo ba wanda ya kira ta.

Shi ya sa ni ko kumanda zai ga na cika surutu, duk abin da ya canja a layin FMA, layin saman allo mai nuna halin da otopilot da otomanet ke ciki, sai na faɗe shi da baki. Kuma hannuna ba ya barin totur daga an kama hanyar sauka, ko tana kunne ko tana kashe. Ka dubi hatsarin jirgin Turkish mai lamba 1951 fa, Amsterdam, Fabrairu 2009, 737-800 dangin jirgin da kake koyo. Ma'aunin tsawo na rediyo na hagu ya nuna ƙafa 8 ƙasa da sifili, otomanet ta ɗauka an iso ƙasa ta ja totur baya gaba ɗaya. Da sandar tuƙi ta fara karkarwa, gargaɗin cewa gudu ya yi ƙasa sosai, mataimaki ya tura totur gaba, kumanda ya karɓi tuƙi, hannu ya bar totur, ita kuma ta sake janye shi don ba a kashe ta ba. Mutum 9 suka rasu, har da matuƙan uku. Allah ya kiyashe mu. Kuma ka tuna injin jet in ya koma ƙasa gaba ɗaya yana iya cin daƙiƙa 8 kafin ya ba ka ƙarfin sake tashi. A ƙafa 200 daƙiƙa 8 ba wasa ba ne.

In za ka kashe, ka kashe da wuri, jirgi a daidaice, ba sai ka zo ƙafa 100 ba. Ka dubi N1 inda take tukuna. Maɓallin na gefen totur, sau biyu, na biyun ne ke kashe jar fitilar da ke ƙyaftawa, kada ka bar ta tana haska maka ido. Ka faɗa wa na gefenka ya ji. Kada ka manta lissafin gudu ma ya canja: in tana kunne har ƙasa ƙarin not 5 ne a kan Vref, gudun sauka da littafi ya ƙayyade, in a hannunka take sai ka ƙara rabin iskar gaba da dukan bugun iska, iyakar ƙarin kuma ka duba littafinku. A nan ake kama yara da yawa. Masu A320 da ke cikinmu, ku kun san naku: a jawo totur ya dace da ƙarfin da inji ke bayarwa kafin a danna jan maɓalli, in ba haka ba jirgi ya zabura da ƙarfin hawa.

Af, ku kuma samarin da ke wasa da similater a kwamfuta, jiya ma wasu biyu sun same ni a Zango da tambaya irin wannan. Totur ɗinku na roba ba shi da injin da ke motsa shi a ciki, ba ya bin abin da jirgi ke yi. Kuna kashe otomanet sai inji ya yi tsalle ya koma inda sandarku take, ko sama ko ƙasa. Ku daidaita ta da N1 tukuna. Kuma don Allah ku daina saukowa da hazon hunturu an rufe komai kuna cewa kun ƙware, ku fara da rana fes ku koyi riƙe gudu. Ina jin daɗin ganinku dai, mu lokacinmu sai dai mu je bakin shingen filin jirgi mu tsaya cikin rana ko Allah zai kawo jirgi ɗaya.

Ƙanena, kada tsawar nan ta karya maka zuciya, amma kada ka yi shiru irin nawa. Gobe kafin ku shiga akwati ka same shi da littafi a hannu, cikin ladabi, ka ce Malam a nuna mini shafin, kuma wane tsari mai jarrabawa zai bi. In malamai biyu sun saɓa, ka nemi shugaban horo ya raba gardama tun kafin ranar jarrabawa, a rubuce in da hali, don kuɗin maimaitawa daga aljihun gidanku zai fito. Ka roƙi a ba ka saukowa da inji ɗaya da kuma iskar gefe duk da totur a hannu, ko da zai ci lokacin hutunku.

Manyanmu kumandoji da ke nan, in akwai inda tsarin kamfaninku ya bambanta ku faɗa masa. Kai kuma ba ka gaya mana ba, wane samfurin 737 kuke yi, NG ko Classic, kuma saura zama nawa kafin jarrabawar? Ka turo mini hoton shafin da ke magana kan otomanet a littafinku ta akwatin saƙo, in wuta ta dawo na caja waya zan duba.