Mene ne aikin mai ƙididdigar kayan inji a babban gini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gama karatun injiniyan inji a nan Kumasi, ina zaune a Aboabo. Wani kamfanin gine-gine yana neman kwantiti sabeya, wato mai ƙididdigar kaya, na ɓangaren inji. Aikin injiniya ne ko na akawu? Irina zai iya kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Injiniya shi ke zana aiki ya ce ga yadda za a yi. Kwantiti sabeya kuwa ya ƙirga abin da aka zana, ya sa masa farashi, ya bi kuɗin har ranar rufe lissafi. Na ɓangaren inji ba ruwansa da bulo da siminti. Nasa su ne na'urorin sanyaya gini, bututun ruwa da na bahaya, famfuna, kayan kashe gobara, a asibiti kuma har da bututun iskar oksijin. A gini irin Terminal 3 na filin jirgin saman Akra, wanda aka buɗe a 2018, waɗannan kaya ba ƙaramin kuɗi suke ci ba, alhali fasinja ba ya ganin yawancinsu.

Kafin a ba da kwangila, zai zauna da zanen ya fitar da takardar ƙididdiga, wadda a wurin aiki kowa ke ce wa BoQ. Bututu da mita ake aunawa, kowane faɗi da layinsa, na ƙarfe daban, na roba daban. Bawul da famfo kuwa guda-guda ake lissafa su. Sabon shiga yakan ƙirga bututu daidai ya manta maratayansa, da rufin da ke hana bututun ruwan sanyi yin gumi, da kuɗin gwaji bayan an gama haɗawa. A irin waɗannan ƙananan abubuwa ribar ɗan kwangila ke zurarewa.

Wahalar gaske tana farawa bayan an shiga fili. Duk wata zai zagaya ya auna abin da aka kafa, a kan haka ake biya. Sai ka tarar bututun iska ya zo ya ci karo da bim, wato gicciyayyen ginshiƙin kankare, wanda zane bai nuna ba, dole a karkata shi, ga ƙarin gwiwar bututu huɗu, ga ƙarin mita. Wa zai biya? Idan babu umarni a rubuce daga injiniya mai sa ido, babu hoto mai kwanan wata, an kuma rufe silin, to magana ta zama musu. Shi ya sa nake cewa wanda ke ƙyamar hawa tsani da tef a hannu ya nemi wata sana'ar.

Sai batun dala. Manyan na'urorin sanyi daga waje ake sayo su, su sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, a biya kwastan, amma kwangila sau da yawa da sidi aka rubuta ta. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, 'yan kwangilar da suka sa hannu kan farashin da ba ya motsi sun ji a jikinsu. Gogaggen sabeya yana duba kwana nawa farashin dillali zai tsaya, kuma ko yarjejeniyar ta yarda a daidaita kuɗi in canji ya tashi. In aikin gwamnati ne, sai ya san dokar sayen kaya ta 2003, wato Act 663.

Irinka zai iya, har ma ka fi wasu sauƙin shiga, tunda kana karanta zanen inji. Abin da ya rage maka shi ne ƙa'idojin awo da sharuɗɗan kwangila irin na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya. Jami'ar KNUST tana koyar da fannin a nan Kumasi, rajistar ƙwararru kuma tana hannun ƙungiyar sabeyoyi ta ƙasa, wato Ghana Institution of Surveyors. Ka nemi shiga a matsayin mataimaki, ka roƙi a ba ka awon bene ɗaya ka yi da kanka, sannan ka gwada da na maigidanka.