Ku Tambayi Anti: Alawar madarar 'yan Filifin ta ƙi haɗuwa

Tambaya: Salam Anti, ina yini ya aiki. Dan Allah a taimaka min, maigidana yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa, wani abokin aikinsa ɗan Filifin ya ba shi wata alawar madara a naɗe a leda mai kala wai sunanta polvoron, yara suka sha suka ƙi barina in huta. Na gwada haɗa fulawa da madarar gari da suga da bota amma ta ƙi kama jikinta sai rugujewa take, na ɗan zuba ruwa kuma ta koma ƙullu mai ɗanɗanon ɗanyen gari. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu, Agege.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar uwa, lafiya lau. Ai tun daga inda kika ce kin zuba ruwa na gane, wannan alawar sam ba ta shiri da ruwa, ko ɗigo ɗaya. Sannan ba ki ce kin soya fulawar ba, kuma nan ne rabin aikin yake.

Ki fara cire tuwon madara daga ranki, don shi ana dafa suga ne da ruwa ya kama ya yi tauri, ita kuwa polvoron gari ce kawai da aka danne, an yi ta ne don ta narke a baki, in kika cije ta sai ta watse. Rugujewar nan da kika gani ba aibu ba ne, sai dai in tun a hannu take zubewa. Asalinta daga Sifen ne, su suka mulki Filifin sama da shekara 300 har zuwa 1898, amma 'yan Filifin sai suka maida ita tasu da madarar gari, kuma ba sa gasa ta. Yanzu haka kamfanin Goldilocks na can yana sayar da ita kala-kala, har da mai kashu da mai soyayyiyar shinkafa da suke kira pinipig.

To ga yadda za ki yi. Fulawa kofi 2, madarar gari kofi 1, suga kofi 1 ko ki ɗan rage in ba kya son zaƙi sosai, bota narkakke wajen kashi uku cikin huɗu na kofi. Ki samu kasko busasshe ƙarau ki zuba fulawar ita kaɗai babu mai babu komai, wuta ƙasa-ƙasa, ki riƙa juyawa da muciya ko cokalin katako kada ki ɗauke hannu, wajen minti 15 zuwa 20. Da farko za ki ga kamar ba abin da ke faruwa har ki fara tunanin ƙara wuta, kar ki ƙara, can sai ki ga farin ya fara komawa ruwan ƙasa mai haske, ƙamshi ya tashi ya cika kicin, gefen kaskon ne ke fara yin duhu shi ya sa za ki riƙa jawo na gefe zuwa tsakiya. In ta ƙone ɗaci za ta yi kuma ba gyara. Ki juye a wani kwano nan take don zafin kaskon zai ci gaba da soya ta, ki bari ta huce ki tankaɗe.

Sai ki haɗa da madarar da sugar. Sugar mu ta nan ƙwayarta manya ce, ki ɗan markaɗa ta a bilenda tukuna in ba haka ba za ki ji tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Madara kuma ki nemi mai cikakken kitse irin Peak ko Dano, ta awo da ake sayarwa a kasuwa ma tana yi in kin yarda da mai shagon. Ki zuba botan kaɗan-kaɗan kina murzawa da hannu, gwajin shi ne ki dunƙula a tafin hannu ki buɗe, in ya tsaya da shatin yatsunki to ya yi, in ya zube ki ƙara bota cokali ɗaya. Bota ne ke riƙe ta, ba wani abu ba. Blue Band zai yi in aljihu ya matsa amma gaskiya ɗanɗanon ba ɗaya ba ne, ni dai ba na ba da shawararsa in baƙi za a ba.

Su can suna da ɗan ƙarfen da ake dannawa ya fito da ita a siffar ƙwai, ke ba sai kin wahala nemansa ba, murfin gorar ruwa mai ɗan faɗi ko cokalin awo ya isa, ki shimfiɗa 'yar leda a ciki ki cika ki danne da ƙarfi da babban yatsa sannan ki ja ledar. Ki jera a faranti ki sa a firij kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ki naɗe, in NEPA sun ga dama kenan. Danshin Legas shi ne ɗayan abokin gabar, musamman da damina, don haka kar ki bar ta a buɗe, kina gama naɗewa ki zuba a roba mai murfi mai kamawa, kuma ki yi daidai wadda za a cinye cikin sati.

Yaran kuma ki gwada musu wasan da 'yan Filifin ke yi a taron biki, kowa ya cika baki da ita a ga wa zai riga yin fito. Ki dai tanadi tsintsiya da ruwan sha, kuma banda ƙananan da za su iya shaƙewa.