Amsa ga mai son ɗauko akwatunan gem daga Kano a buɗaɗɗiyar tirela

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun da hantsi, hidimar shago ce ta hana ni zama sai yanzu. Ka ce ka sayi tsofaffin akwatunan gem guda uku a Kano, dogayen nan na tsaye masu karɓar kwandala, za ka kawo su Samaru ta Zariya, kuma abin da ya samu shi ne ƙaramar tirela marar rufi da za a ja da mota. Kana so ka san a tsaye za a ɗora su ko a kwance, kuma ko tamfol kaɗai ya wadatar. Na daɗe ina riƙe da gidan gem a Sabon Gari, na yi dakon irin kayan nan a akori-kura, na yi a kanta, na yi a irin tirelar da kake magana. Allah ya sanya alheri a cinikin, ga abin da na sani.

Ka ajiye maganar tsaye da kwance tukuna. Aikinka na farko shi ne ka buɗe murfin bayan kowane akwati, ka haska tocila ciki, tun yana ƙasa a wurin mai sayarwa. Yawancin ɓarnar da na gani a harkar nan daga ciki take farawa, akwatin ya iso lafiya ƙalau a ido, a kunna a ji shiru.

Ni ma da asara na koya. Akwatin Street Fighter II ne, wasan da kamfanin Capcom ya fitar a 1991, na saye shi a Kaduna, na gwada shi da hannuna yana aiki. Muka ɗaure shi tamau da igiya, muka rufa tamfol, muka kama hanya. Bai faɗi ba, bai ma karkace ba. Da muka sauke a shago na dubi gilashin, sai na ga wani tabo a tsakiyarsa, faɗin bakin kofin shayi, kamar an hure toka daga ciki. Na buɗe baya, ga wuyan talabijin ɗin a tsage, ƙaramin fanal (allon kayan lantarki) ɗin da ke maƙale a ƙarshensa yana lilo a jikin wayoyi. Noti huɗu ne ya kamata su riƙe talabijin ɗin, biyu kawai na tarar, su ma sun yi sanyi. Gargadar hanya ta yi ta rausaya shi har ƙeyarsa ta bugi murfin baya. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, domin aikin sifana ne na minti biyar da ya hana wannan.

Talabijin mai ƙeya da ke cikin waɗannan akwatuna, inci 19 ne ko 25, shi ne abu mafi nauyi a ciki kuma shi ne mafi saurin lalacewa. Gaban gilashin kauri gare shi, amma wuyan da ke baya siriri ne, kuma babu iska a cikin kwalbar. Da zarar ya tsage iska ta faɗa ciki, shi ke nan, ba ya gyaruwa. An daina ƙera irinsa, sai dai ka bi masu gyaran talabijin kana neman tsohon da zai dace. Don haka ka bi notin nan ɗaya bayan ɗaya ka ɗaure, wanda babu ka sayo ka sa. Sai dai ka kiyayi jar waya mai kauri da ke manne a jikin kwalbar da wata roba kamar faifai. Wutar da ke bi ta nan ta haura volt 20,000 in yana aiki, kuma takan saura a ciki ko bayan an kashe. Kada ka taɓa ta, kada yaron da ke taya ka ya taɓa.

Daga nan ka duba ƙasan akwatin. Taransifoma da gidan wuta, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki lantarki, su kasance a ɗaure da katako. Ka fitar da akwatin kuɗi, da tsofaffin kusoshi da kwandaloli da duk tarkacen da suka taru shekara da shekaru, don in mota ta shiga rami su ne ke tsalle su faɗa kan fanal. Fanal ɗin wasan kuwa, ni cire shi nake yi in naɗe a kwali in sa a kujerar baya ta mota. In akwatin na tsarin JAMMA ne, wato wani tsarin haɗa wayoyin akwati da fanal ɗin wasa, haɗin guda ɗaya ne dogo mai haƙora 56, zare shi ba wuya. Amma ka ɗauki hoto da waya kafin ka zare, ka kuma yi alama da alƙalamin maka a gefen da ke sama, saboda wasu sukan shiga a juye, kuma in aka kunna a haka fanal na iya ƙonewa. In akwai Neo Geo a ciki, wato na'urar gem mai karɓar kaset, zare kaset-kaset ɗinsa. Gilashin sunan wasa da ke can sama, da gilashin da ke gaban talabijin in yana cirowa, duk su shiga cikin mota a tsakanin barguna, a jingine ba a shimfiɗe ba. Sannan ka kulle ƙofar kuɗi, ka danne ƙugiyoyin teburin maɓallai daga ciki, ka mayar da murfin baya ka ƙara masa sukuru biyu. Makullin murfin nan ba abin dogaro ba ne, iska kan fizge shi a kan hanya. Makullai kuma su zauna a aljihunka.

To, yanzu tsaye ko kwance. Da guda ɗaya ne, kuma ka tabbatar da notin talabijin, da na ce ka kwantar da shi rigingine a kan bargo, don ya fi zama daram kuma iska ba ta samunsa sosai. Rubda ciki kam haramun ne a wurina, sandunan wasa da maɓallai za su karye. Amma uku ba za su kwantu a ƙaramar tirela ba, kuma kada wani ya ba ka shawarar ɗora ɗaya a kan ɗaya. Ka tsayar da su, bayansu na kallon mota, fuskarsu na kallon inda aka fito, don iska da tsakuwar da taya ke watsowa su ƙare a katakon baya. Kowanne tsayinsa ya kai ƙafa 6, nauyinsa kilo 100 zuwa 150, wato buhun siminti biyu zuwa uku, kuma nauyin a sama ya fi taruwa. Abu ne mai son kifewa in an taka birki ko an sha kwana.

Mafi nauyin biyu su jeru a gaba, manne da ƙarfen gaban tirela, na ukun a bayansu a tsakiya. Ƙa'idar da masu jan tirela ke bi ita ce wajen kashi 60 cikin 100 na kaya ya kasance gaban tayoyi. In nauyi ya koma baya, tirela takan fara wutsiya in an ɗan yi gudu, tana jan motar hagu da dama, kuma wannan ya wuce maganar asarar gem, maganar rai ce. Bayan haka, can ƙarshen tirela ne ya fi ko'ina tsalle, ga shi yawancin ƙananan nan sifirin kawai gare su mai tauri.

Mutane na son shimfiɗa katifa a ƙasa, suna ganin gata suka yi wa kayan. Ni ban yarda da ita ba. Katifa na lotsawa tana tasowa, duk lotsawa ɗaya ɗaurin ya saki, kafin ka kai Kura akwatin ya fara rawa. Ka sa katako biyu a ƙasa su ɗaga shi daga daɓen tirela, da 'yar roba ko kwali a kai. Ƙafafun ƙarfe masu juyawa da ke gindinsa ka murɗa su su shige, in ba haka ba su lanƙwashe ko su ɓarke katakon. Mai tayoyi a baya kuma a sa masa waigi.

Wajen ɗauri, ka nemi bel mai maƙulli irin na direbobin manyan motoci, biyu ga kowane akwati, kowanne da nasa. Igiyar leda tana miƙewa, robar tib kuma ta fi ta. Ɗaya ya zagaye ƙugun akwatin ƙasa da teburin maɓallai ya jawo shi jikin ƙarfen gaba, ɗaya ya haye ta kansa ya danne shi ƙasa. Duk inda bel ya karya kwana ka sa kwali ninki biyu, don kada ya ci robar bakin katako. Kada ya bi ta kan gilashi ko sandunan wasa. Ka ja har sai ka girgiza akwatin ka ga tirelar ce ke motsi gaba ɗaya, daga nan ka tsaya. Yawancinsu da matsattsen garin katako aka yi su, in aka matsa fiye da kima sai ka ji ƙas, gefe ya buɗe. Ka ɗan murɗa bel ɗin sau ɗaya a inda ya yi tsawo a sarari, hakan na hana shi kaɗawa da kuka a iska, ragowar jelar kuma a ƙulle ta.

Tamfol kaɗai bai isa ba, kuma in an yi sakaci shi ne zai yi ɓarnar. Tamfol da bai ɗauru ba yana yi wa kaya bulala tun daga Kano har Zariya, wajen kilomita 140. Na ga akwatin da zoben ƙarfen tamfol ya goge masa zanen gefe har katako ya fito fari, alhali zanen nan shi ne rabin kuɗin akwatin, shi ke jawo yaro daga bakin titi. Fara da tsohon bargo a jiki, sannan ka naɗe da leda mai mannewa irin wadda ake naɗe jakunkuna da ita a filin jirgi, tun daga ƙasa har sama, ka rufe kai da ramukan shan iska. Salatif ya hau kan leda, kada ya taɓa fenti. Tamfol ya zo a ƙarshe, bakinsa na gaba a cuse a ƙarƙashi yadda iska ba za ta samu ƙofa ba, a zagaye shi da igiya sosai.

Tunda damina muke ciki, ruwa ne babban abin tsoro. Katakon nan in ya sha ruwa kumbura yake yi ya dagargaje kamar burodi a shayi, kuma ba ya komawa. Ta ƙasa ya fi kamuwa, daga ruwan da ke kwanciya a daɓen tirela, shi ya sa na ce a ɗaga shi. Ka kammala lodi da yamma a ajiye a rumfa, ka taso bayan asuba, don hadarinmu ya fi haɗuwa da la'asar zuwa dare. In ka hango gabas ta yi baƙi, shiga gidan mai mai rumfa ka jira. Da hunturu ne da ƙura za mu yi magana, ita ma ledar ce maganinta.

Direba ya riƙe gudun kilomita 60 zuwa 70 a awa, kada ya wuce. Ƙarfin iska a jikin kaya ninki huɗu yake yi in gudu ya ninka biyu, ga akwatunan a tsaye kamar bango. Kafin ku tashi a duba iskar tayoyin tirela, da sarƙar da ke riƙe ta in maƙalar ta kuɓuce, da fitilun baya. Ku tsaya da kun fita gari ku sake jan bel, za ka tarar ya saki, kullum sai ya saki a farkon tafiya. Ku sake dubawa a Kwanar Dangora, sannan a Tashar Yari. In kun sauka a Kwangila kun miƙi hanyar Samaru, a bi tudun rage gudu a hankali kamar an ɗauko ƙwai, don mota na haurawa direba yakan manta tayar tirela ba ta hau ba tukuna. Rasit ɗin sayen kuma ya kasance a kusa saboda shingayen hanya.

Wajen saukewa mutum uku ne mafi ƙaranci, da katako mai ƙarfi a jingine a matsayin gangara. Ka gaya wa 'yan dako tun da wuri kada su kama teburin maɓallai ko kan akwatin su ɗaga, a gindi da baya ake riƙewa. Ka kware ledar a ranar, kada ta kwana biyu a rana tana tara gumi a ciki.

Kada ɗoki ya sa ka jona wuta nan take. Buɗe baya ka sake haskawa, ka ga ko wata waya ta zare, ka bar shi ya sha iska in akwai alamar danshi. Sannan ka karanta takardar da ke jikin gidan wutar. Na Amurka volt 120 suke ci, na Japan 100, tamu kuwa 230 ce, in ba a riga an juya shi ba sai da taransifoma mai rage wuta. In ka kunna ka ga launi ya ɓata a wani kusurwa, kore ko shuɗi, kada hankalinka ya tashi, sauyin wuri kan jawo haka. Kashe shi ya huce kamar rabin awa ka sake kunnawa, sau biyu ko uku yakan washe.

Ina da bel guda shida da tsofaffin barguna a shago, ba na amfani da su wannan makon. Ka yi mini magana ta akwatin saƙo kafin ranar tafiyar, ka kuma turo hoton cikin kowane akwati daga baya in duba maka notin.