Amsa: Ruwan farko ya ruɗe ni, iri ya ƙone

Malam, ka ce ka shuka gero da saukar ruwan farko, aka yi fari, tsiro ya mutu, kana tambaya ko sauyin yanayi ne. Yana da hannu. Duk ƙarin zafi na digiri 1, iska na ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa a Sahel ruwa ke zubowa da ƙarfi lokaci guda, ya gudu bai shiga ƙasa ba, sannan zafi ya busar da ɗan abin da ya shiga.

Kada ka bi kalanda. Jira a samu ruwan sama milimita 20 cikin kwana biyu zuwa uku. In babu ma'auni, tona ƙasa: danshi ya kai tsawon tafin hannu. Duba kuma hasashen damina da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa farkon shekara, yana nuna lokacin faɗuwar damina da inda ake tsoron fari.

A ƙasa mai tauri, tassa irin ta manoman Tahoua, wato ramukan shuka masu tara ruwa, ta fi komai. Tun rani a haƙa rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara kusan 80. A tara ƙasar a bakin ramin ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, a zuba ruɓaɓɓen taki cikin hannu biyu. Ɗanyen taki na ƙona iri, a nan mutane ke kuskure. A fadama kuwa kada a yi, ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe.

Nemi iri mai saurin nuna, kamar SOSAT, ka ajiye rabi don maimai.