Ƙanena, filin unguwa ba ya jiran biza

Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce in nemo maka hanyar zuwa Jamus, ko karatu ko ƙwallo, in ka tara kuɗi ka koma Maraɗi ka gina wa unguwarmu filin wasa mai katanga da wurin zama. Kai ne na huɗu da ya faɗa mini haka bana, shi ya sa zan amsa ba ɓoye-ɓoye.

Kafin a ba ɗalibi bizar Jamus, galibi sai ya ajiye Yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, wato sama da miliyan 7 da jaka 800 na sefa. Zancen ƙwallo kuwa ka bar shi. Na ga yaran da dillalai suka kawo, suna kwana a tashar jirgin ƙasa cikin sanyi.

Ni da kake gani, shekara uku na yi ina wanke kwanoni a tsaye har ƙafafuna suka kumbura, kafin in samu takardar aikin lantarki da nake ci da ita yau. Cikin wannan gumin na aika jaka 500 don filin nan. Da na zo hutu me na tarar? Ƙarafan raga biyu da tulin yashi da ruwa ya janye rabinsa. Ba rasit, ba littafi, kowa na nuna wani. Wani ma har ya aza bulo a kusurwar gabas, don filin ba shi da takarda. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki nan ba kuɗinsu ba ne. A Berlin, tsakanin 2008 da 2009, magoya bayan kulob ɗin ƙwallo na Union Berlin sama da 2,000 suka yi gayya, suka gyara filinsu da hannunsu. Gayya fa, tamu ta gona! Ko ƙaramin kulob na unguwa, kowa na biyan kuɗin wata, ƙarshen shekara a karanta lissafi gaban jama'a.

Kada ku jira gwamnati. Maraɗi Kwalliya, shirin gwamnati na ƙawata gari, ta zo a 2015 ta wuce, ba unguwa-unguwa ta bi ba. Ku fara da takarda daga ofishin magajin gari, kafin ku sayi ko buhu ɗaya. Sai asusu mai sa hannun mutum uku, da dattijo a ciki. Alhazai kuma kada ku roƙe su kuɗi, ku roƙi siminti da ƙarfe, sun fi wuyar ɓata. Bana katangar gefen hanya, baɗi wani gefen. Ku dasa bedi tun wannan damina, kafin a gama ginin ya yi inuwa.

Ka yi rajista a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ka riƙe littafin kwamitin da kanka. Ranar da ka turo mini hoton takardar filin, zan biya buhu 20 na siminti, kai tsaye hannun mai shago. Ka gaida Inna.