Tambayoyinku: Ƙwayoyin Ƙara Jiki da Masu Motsa Jiki

Wani dattijo daga Argungu ya rubuto cikin damuwa cewa tun da likita ya ɗora shi kan atenolol saboda hawan jini, ko ya yi tafiya da sauri bayan sallar asuba, zuciyarsa ba ta bugawa kamar da. Baba, ka kwantar da hankalinka, domin aikin maganin ke nan: yana rage tasirin adirenalin, sinadarin da ke zaburar da zuciya idan jiki ya motsa. Ka ci gaba da tafiyarka, kada ka daina maganin da kanka, amma idan jiri ya fara ɗibarka ka koma wurin likitan.

Shi kuwa matashin Jega da ke tambayar tiramol nawa zai sha kafin kokawa, ko ɗaya kada ya sha. Yana rufe ciwo har mutum ya ji rauni bai sani ba, yawan shansa na rage sinadarin mazakuta, kuma hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasannin duniya ta haramta shi a gasa tun Janairun 2024.

Wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai ta wata uwa ce daga Birnin Kebbi, wadda ɗanta mai ɗaga ƙarfe ya yi watanni yana shan ƙwayar sha-ka-fashe, fuskarsa ta kumbura, tana tambaya ko ta ƙwace ta zubar. Hajiya, don Allah kada ki yi haka rana ɗaya. Irin wannan ƙwaya galibi dexamethasone ce, wadda ke kwaikwayon kotizol, sinadarin da wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda suke saki idan jiki ya shiga wahala, don sukari da bugun jini su ɗauki nauyin aikin. Idan an daɗe ana sha, sai halittun nan su daina samar da nasu, ta yadda in an yanke ƙwayar kwatsam, yaron na iya yanke jiki ya faɗi a wurin atisaye, da amai da faɗuwar bugun jini, abin da kan kai ga rasa rai.

Abin takaicin ma shi ne ba tsoka take ginawa ba, cin tsoka take yi, ta tara kitse da ruwa a fuska da ciki, ta tayar da sukari, ta raunana ƙashi. Amma kullum ana sayar da ita a faranti ranar kasuwa, cikin zafin rana, an ɓare ta daga kwalinta babu lambar NAFDAC balle ranar lalacewa, kuma masu sayarwar ba su san me ke cikinta ba. Kuɗin da yaranmu ke zubarwa a nan da sun sayi wake da ƙwai da kifin Yauri, da sun ga jikin da suke nema. Allurar testosteron, wato sinadarin mazakuta, da wasu ke komawa gare ta ita kuma tana rage maniyyi.

Ki lallashe shi, ki kai shi Asibitin Sir Yahaya tare da ragowar ƙwayar, likita ya gani ya tsara masa yadda zai rage ta sannu a hankali. Kafin nan ya ajiye ƙarfen.