Me ya sa sunan "burette" ya fita daban da sauran kalmomin Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a sakandare. A ɗakin gwaje-gwaje ba ma gardama kan "beaker" da "flask", amma "burette" da "pipette" kullum sai mun yi musu kan yadda ake faɗinsu. Har na ga wani littafi ya rubuta "buret". Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikis salam 'yata. Kalmomin nan biyu Turanci aro su ya yi daga Faransanci, shi ya sa suka ƙi bin ɗabi'arsa. Yawancin sunaye masu gaɓa biyu a Turanci gaɓar farko ake ƙarfafawa, kamar "beaker". Waɗannan kuwa ƙarfin a gaɓar ƙarshe yake, kuma "e" ɗin ƙarshe ba a furta shi: biyuret, fifet. Ɗafin "-ette" a Faransanci ƙanƙanta yake nunawa. "Pipette" ƙaramin bututu ke nan, "burette" kuma 'yar butar zuba mai ko ruwan inabi.

Masanin kimiyyar sinadarai na Faransa, Gay-Lussac, shi ya sa wa kayan auna ruwa waɗannan sunaye a 1824. Sunan "burette" ya dace da wadda ya ƙera, don tana da hanci a gefe, sai an karkata ta ruwa ke zuba. Burette mai ɗan matsi a ƙasa, wanda ake buɗewa ruwa ya fita, daga baya ta zo, Bajamushe Karl Friedrich Mohr ya yaɗa ta a littafinsa na 1855. Siffa ta canja, suna ya zauna.

"Buret" da "pipet" rubutun Amurka ne, ba kuskure ba ne. Amma tunda makarantunmu tsarin Ingila suke bi, ki rubuta "burette" a WAEC da NECO.

A gaskiya dai, maki ya fi zubewa wajen aiki da burette, wato dogon bututun gilashin nan mai lambobi da ake auna asid da shi, fiye da wajen rubuta sunanta. Mai cin mililita 50 ce kuke amfani da ita, kowane ƙaramin zane a jikinta mililita 0.1 ne, sifili yana sama, lambobi suna ƙaruwa zuwa ƙasa. Bayan kin wanke, ki ɗauraye ta da ɗan asid ɗin da za ki zuba, in ba haka ba ragowar ruwa zai tsarma shi, abin da zai zuba ya fi na gaskiya yawa. Ki buɗe famfon har iskar da ke bakin ta fita, don gurbin kumfar nan za a lissafa shi a matsayin asid. Ki cire mazurari kafin ki karanta lambar farko, saboda yana ci gaba da ɗiga. Idonki ya daidaita da ƙasan lanƙwasar ruwan. Ɗigon da ke maƙalewa a bakin fifet kuwa kada ki hura shi, da shi aka auna ta tun daga masana'anta.